Gubar Ƙarfe A Cikin Kifin Teku: Inda Haɗarin Yake Ga Mai Ci Da Mai Sayarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa da sassafe a ƙofar wani gidan sanyi a Kano ko Kaduna, ko kuma a kasuwar kifi ta Kado da ke Abuja, ya san yadda ake duba katan ɗin kifin ƙanƙara kafin kuɗi su fita daga aljihu. Mai sari zai buɗe kwalin, ya dubi idon kifin, ya danna jikinsa da yatsa, ya sansana, sa'an nan ya tabbatar da cewa ƙanƙarar ba ta narke a hanya ta sake daskarewa ba. Wannan sani ne na gaske, kuma shi ne yake raba ɗan kasuwa da asara. To amma akwai wani aibu wanda ido ba ya ganinsa, hanci ba ya jinsa, wuta kuma ba ta kashe shi, wato ƙarafa masu guba da kifi yake tarawa a cikin jikinsa tun yana raye a teku. Manya daga cikinsu su ne zaiba da dalma da kuma wani ƙarfe da ake kira kadmiyam.

Maganar ba ƙarama ba ce idan aka dubi girman wannan ciniki. Alƙaluman da jami'an gwamnati suka sha bayarwa sun nuna cewa Nijeriya tana bukatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a kowace shekara, alhali kuwa abin da ake kamawa da wanda ake kiwo a cikin gida bai wuce tan miliyan ɗaya da 'yan kai ba. Ana rage wannan giɓi da kifin da jiragen ruwa suke saukewa a Apapa da sauran tashoshi, daga Holan da Norwe da Rasha da Muritaniya da Chile da wasu ƙasashe, inda daga nan manyan motoci masu na'urar sanyi suke kwasarsa zuwa kowane lungu na ƙasar nan. Sukumbiya da shawa da kote da panla sun zama naman talaka, musamman a lokutan da naman shanu ya fi ƙarfin aljihun magidanci. Saboda haka duk wata magana game da lafiyar wannan kifi ta shafi tukunyar miliyoyin gidaje, ta kuma shafi jarin dubban mutane, tun daga mai shigo da shi har zuwa matar da take soya shi a bakin titi da yamma.

Sai dai kuma ba kowane kifi ne yake ɗauke da haɗari iri ɗaya ba. Irin kifin, da girmansa, da ruwan da aka kamo shi, su ne suke yanke hukunci, kuma dukkansu abubuwa ne da ɗan kasuwa zai iya sani idan ya so.

Abin Da Ya Faru A Minamata

Duniya ba ta ɗauki wannan al'amari da muhimmanci ba sai da ta ga abin da ya sami wani ƙaramin garin masunta a kudancin ƙasar Japan mai suna Minamata. A garin akwai masana'antar sinadarai ta kamfanin Chisso, wadda ita ce ƙashin bayan arzikin yankin. Tun daga shekarar 1932 masana'antar take amfani da zaiba wajen haɗa wani sinadari, tana kuma zubar da ruwan dattinta a cikin mashigin tekun da mutanen garin suke kamun kifi. Da farko kyanwoyi aka fara gani suna tangaɗi, suna juyi kamar masu rawa, wasu su faɗa cikin teku su mutu. Tsuntsaye ma suka riƙa faɗowa. Ran 1 ga watan Mayu na shekarar 1956, shugaban asibitin kamfanin, Dokta Hajime Hosokawa, ya kai wa hukumar lafiya rahoton wata cuta da ba a san kanta ba mai taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Masu cutar sukan ji hannuwa da ƙafafunsu sun mutu, ganinsu ya ƙuntata kamar mai leƙe ta cikin bututu, magana ta sarƙe, tafiya ta gagara. Waɗanda abin ya tsananta a kansu sukan yi ta farfaɗiya har rai ya yi halinsa.

Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya lura da shi a wannan labari shi ne tsawon lokacin da aka ɓata. A shekarar 1957 ma'aikatar lafiya ta ƙasar ta ƙi amincewa a yi amfani da dokar tsabtar abinci don hana kamun kifi a mashigin, bisa hujjar cewa babu shaidar da ta nuna dukkan kifin wurin ya gurɓace. A shekarar 1958 kamfanin ya karkatar da ruwan dattin zuwa bakin kogin garin, sai cutar ta bazu zuwa ƙauyukan da ke gaɓar tekun Shiranui. A watan Yuli na 1959 masu bincike na Jami'ar Kumamoto suka bayyana cewa zaiba ce sanadi. Dokta Hosokawa da kansa ya gwada ruwan masana'antar a kan kyanwoyi ya ga cutar ta bayyana, amma kamfanin bai fitar da sakamakon ba. Gwamnatin Japan ba ta amince a hukumance ba sai a watan Satumba na 1968, shekara goma sha biyu bayan rahoton farko, kuma bayan irin wannan cuta ta sake ɓulla a lardin Niigata a 1965 daga wata masana'anta dabam.

A cikin waɗannan shekaru kasuwar kifi ta yankin ta durƙushe. Mutane suka daina sayen duk kifin da aka ce daga can ya fito, mai guba da marar guba, har ta kai masunta sun afka wa masana'antar a watan Nuwamba na 1959. A ƙarshen wannan shekara kamfanin ya ba da abin da ya kira kuɗin jaje, wato yen 300,000 ga iyalin wanda ya mutu, da yen 100,000 a shekara ga babban da ya kamu, da yen 30,000 ga yaro, tare da sharaɗin ba za su sake neman diyya ba ko da an gano laifin kamfanin ne. Kotu ta rushe wannan sharaɗi a 1973. Ya zuwa shekarar 2001 an tabbatar da mutum 2,265 a matsayin masu cutar a yankin Minamata, waɗanda 1,784 daga cikinsu sun riga sun rasu, ban da dubun-dubatar da aka biya wani abu daga baya ba tare da an sa su cikin wannan lissafi ba. Mafi ban tausayi su ne jariran da aka haifa da naƙasar ƙwaƙwalwa alhali iyayensu mata ba su nuna wata alama mai tsanani ba, domin gubar takan ratsa mahaifa ta taru a jikin ɗan tayi.

Aikin kwashe laka mai guba daga mashigin ya ɗauki daga 1977 zuwa 1990, ya kuma ci yen biliyan 48.5. An shinge bakin mashigin da raga a 1974 don kada kifin ciki ya fita, ba a kuwa cire ta ba sai a 1997. Wato shekara ashirin da uku ruwan da ya ciyar da kakanni yana kulle. Daga sunan wannan gari ne aka raɗa wa yarjejeniyar duniya kan zaiba suna, wadda aka amince da ita a 2013, ta fara aiki a watan Agusta na 2017, Nijeriya kuma ta tabbatar da shigarta a 2018.

Yadda Gubar Take Hawa

Ba lalle sai da masana'anta a bakin ruwa ba kafin zaiba ta shiga kifi. Idan aka ƙona gawayin kwal, ko aka gasa zaiba don ware zinariya, takan tashi ta bi iska, ta yi tafiyar dubban kilomitoci kafin ruwan sama ya sauko da ita. Rahoton 2018 na hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa ayyukan ɗan Adam sun saki tan 2,220 na zaiba a cikin iska a shekarar 2015. Kimanin kashi 38 cikin ɗari na wannan adadi daga masu haƙar zinariya na gargajiya ya fito, kashi 21 kuma daga ƙona kwal. A nan ne zancen ya taɓo mu kai tsaye, domin ana amfani da zaiba a wuraren haƙar zinariya na jihohin Zamfara da Neja da Kebbi da Osun, kuma kogunan yankin Zamfara suna zuba cikin kogin Sakkwato, shi kuma ya zuba cikin Kwara, Kwara ta kai teku. Har yanzu ba a manta da gubar dalma da ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba. Wannan daga ƙurar dutsen zinariya ta fito, ba daga kifi ba, amma ta nuna wa kowa abin da ƙarfe yake yi wa jikin yaro.

Da zarar zaiba ta kwanta a lakar ƙarƙashin ruwa, sai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su juya ta zuwa wani nau'i da masana suke kira metil-makuri, wanda yake manne wa tsoka. Ƙananan tsirran ruwa su tsotse shi, ƙwarin ruwa su ci tsirran, ƙaramin kifi ya ci ƙwarin, babban kifi ya haɗiye ƙarami. A kowane mataki gubar tana ninkuwa, domin jiki yana karɓa da sauri amma yana fitarwa a hankali. Kafin a kai kan babban kifi mai farauta wanda ya yi shekaru yana cin 'yan'uwansa, abin da ke cikin tsokarsa zai iya ninka na ruwan da yake iyo a ciki sau miliyan ɗaya ko fiye.

Dalma da kadmiyam ba su bin wannan tsani sosai. Su sun fi taruwa a wuraren da dattin gari da na masana'antu yake kwanciya, kuma halittun da suke zaune a laka su ne suka fi kwasarsu, irin su ƙaguwa da jatan lande da dodon koɗin bakin teku. A jikin kifi kadmiyam ya fi zama a hanta da ƙoda, dalma kuma a ƙashi da kai. A jikin mutum kadmiyam yakan zauna a ƙoda shekara goma zuwa talatin kafin rabinsa ya fita, yana raunana ta tare da ƙashi. Dalma tana dakushe ƙwaƙwalwar yara, tana kuma ta da hawan jini ga manya, har ma a shekarar 2010 kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ya janye adadin da a da yake cewa jiki zai iya jurewa, saboda an ga babu wani adadi da za a ce ba shi da illa. Akwai kuma sinadarin asinik, wanda sau da yawa sakamakon gwaji yakan nuna shi da yawa a kifin teku har ya tsorata wanda bai sani ba, alhali mafi yawansa nau'i ne da jiki yake fitarwa ba tare da ya yi lahani ba.

Lissafin Da Ya Shafi Tukunya

Kwamitin ƙwararrun da aka ambata ya ƙayyade a shekarar 2003 cewa abin da mutum zai iya ɗauka na metil-makuri a mako guda shi ne maikirogiram 1.6 a kan kowane kilo na nauyin jikinsa. Maikirogiram kuwa shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram. Ke nan mace mai nauyin kilo 60 iyakarta maikirogiram 96 a mako. Gwaje-gwajen da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta tara na shekaru sun nuna cewa sukumbiyar arewacin tekun Atlantika tana ɗauke da kimanin miligiram 0.05 na zaiba a kowane kilo, sadin kuma bai ma kai haka ba. Da wannan lissafi sai matar ta ci kusan kilo biyu na sukumbiya a mako kafin ta kai iyaka, abin da ba kasafai ake samunsa a gidajenmu ba, inda kifi biyu suke isar iyali guda. Amma kifin shak da kifi mai takobi suna ɗauke da kusan miligiram ɗaya a kilo, wato ninki ashirin. Yanka guda na giram 100 ya cinye kason mako baki ɗaya.

Wannan labari ne mai daɗi ga masu gidajen sanyi, kuma ya kamata a faɗe shi ƙarara, domin jita-jita ta fi guba saurin kashe kasuwa. Mafi yawan kifin ƙanƙarar da ake shigowa da shi ƙananan kifaye ne masu gajeren rai, masu cin ƙwarin ruwa, waɗanda suke can ƙasan tsanin. Sukumbiya da shawa da sadin suna kuma da irin man da ƙwaƙwalwar jariri take bukata. Taron ƙwararru da hukumomin nan biyu na duniya suka kira a 2010 ya yanke cewa ga yawancin ire-iren kifi, amfanin cinsa ga mai ciki da ɗanta ya rinjayi haɗarin zaiba. Shawarar da hukumomin Amurka suka sabunta a 2017 ita ce mai ciki da mai shayarwa su ci kifi marar zaiba da yawa sau biyu zuwa uku a mako, su kuma guji shak, da mai takobi, da malin, da tuna mai manyan idanu, da wani babban kifi da Turawa suke kira sarkin sukumbiya. Wannan na ƙarshe suna kawai ya haɗa shi da sukumbiyar da muka sani, zaibar da ke jikinsa ta ninka tata fiye da sau goma. Macen da ta daina cin kifi gaba ɗaya saboda tsoro, ba ta kuma da kuɗin nama ko ƙwai, ta gudu daga ƙaramin haɗari ne ta faɗa cikin babba.

Abin da ke buƙatar sa ido shi ne manyan kifaye masu farauta da ake kamawa a gaɓar tekunmu, irin su shak da barakuda da manyan tuna, waɗanda ake yanka su gunduwa-gunduwa a yi bandarsu. Da zarar an yanka an gasa, mai saye a arewa ba zai iya gane ko wane iri ba ne. Haka nan manyan otal-otal da gidajen abinci na Legas da Abuja, masu alfahari da babban kifi a faranti, su ne suka fi kusa da wannan matsala fiye da mai tuwo-tuwo. Amurka ta taɓa ɗanɗana wannan a ƙarshen 1970, lokacin da aka janye gwangwanayen tuna masu ɗimbin yawa daga kantuna bayan wani malamin jami'a ya gwada ɗaya ya sami zaiba fiye da ƙima, sa'an nan a 1971 aka shawarci jama'a su daina cin kifi mai takobi, cinikinsa kuwa ya faɗi warwas.

Ruwan Gida

Nijeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 853, kuma a nan ne maganar dalma da kadmiyam take da ƙarfi. Tafkin Legas, wanda yake haɗe da teku, shi ne matattarar ruwan da yake fitowa daga unguwannin masana'antu na Ikeja da Ogba da Ilupeju da Apapa, ga kogin Ogun da yake kawo nasa kaya daga sama, ga ruwan kwatami na birni mai mutane miliyoyi, ga kuma wuraren da ake fasa tsofaffin batura da ƙona wayoyin kayan lantarki don ciro tagulla. A cikin wannan ruwa ne masuntan Makoko da na Epe suke jefa taru. Malaman jami'o'i da ma'aikatan Cibiyar Nazarin Teku ta Nijeriya da ke Victoria Island, wadda aka kafa a 1975, sun daɗe suna auna laka da kifin wannan tafki. Sakamakon yakan bambanta daga wuri zuwa wuri: kusa da bakin magudanan masana'antu akan sami dalma da kadmiyam da suka haura ƙa'ida a wasu samfura, musamman a jikin halittun laka, nesa da su kuma adadin yakan sauka.

A yankin Neja Delta ga malalar ɗanyen mai, ga dattin haƙa rijiyoyinsa, ga kuma matatun ɓoye da suke zubar da ragowarsu a cikin ƙoramu. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya ce gyaran muhallin yankin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30, ya kuma nuna yadda masunta suka koma tafiya nesa kafin su sami abin kamawa. Daga ire-iren waɗannan ƙoramu ne ake samo ƙananan jatan landen da ake busarwa a daka a miya, da ƙaguwa, da dodon koɗin da mutanen yankin suke kira isam, waɗanda yanzu ake sayar da su a kasuwannin Sabon Gari na biranen arewa.

Dokoki dai akwai su. Tun bayan da aka gano kimanin tan 3,800 na shara mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko a 1988, gwamnatin soja ta lokacin ta kafa dokar hana shigo da irin wannan shara, ta kuma kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, wadda hukumar NESREA ta gaje ta a 2007. Hukumar NAFDAC, mai kula da ingancin abinci da magunguna, tana nan tun 1993, sashen kula da kamun kifi na tarayya kuma shi ne yake ba da izinin shigo da kifi. An ma daina sayar da fetur mai dalma a ƙasashen Afirka kudu da Sahara tun farkon 2006, wanda babban ci gaba ne. Inda gizo yake saƙa shi ne, kifin da ya shigo ta tashar jiragen ruwa yana zuwa da takardu, ana kuma iya tsare shi a gwada, amma wanda aka kama da kwalekwale a tafki yana tafiya daga hannun masunci zuwa murhun banda zuwa buhu zuwa mota, ba tare da ya bi ta gaban kowane ma'aikaci ba.

Sai a yi hattara da wani kuskure da ya zama ruwan dare, wato zaton cewa wuta tana maganin kome. Tafasawa da suya suna kashe ƙwayoyin cuta, amma ƙarfe ba ya mutuwa. Banda da shanya ma ƙara masa ƙarfi suke yi, domin wajen kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na nauyin ɗanyen kifi ruwa ne. Idan ruwan ya fita, ƙarfen yana nan, sai ya zama kilo guda na busasshen kifi yana ɗauke da abin da ke cikin kilo uku ko huɗu na ɗanye. Idan kuma aka yi bandar da katako mai fenti, ko tsohuwar taya, ko aka shanya kifin a bakin kwalta, to an ƙara masa wani dattin da bai zo da shi daga teku ba. Abin da yake taimakawa shi ne cire hanji da hanta da zubar da su, wanda yake rage kadmiyam, ko da yake ba ya taɓa zaibar da ke cikin tsoka. Ba a kuma ce kifin ruwan daɗi ya tsira ba. Giwan ruwan da ya tsufa a kogin da ake wanke zinariya a samansa, shi ma mafarauci ne, hukuncinsa ɗaya da na teku.

Kasuwar Waje Da Takardu

Ga mai niyyar fitar da kaya, wannan magana ta wuce shawara, ta zama sharaɗi. Dokar Tarayyar Turai ta 2023, wadda ta maye gurbin ta 2006, ta sa iyakar zaiba a miligiram 0.5 a kowane kilo ga yawancin kifi, da miligiram ɗaya ga manyan mafarauta irin su shak da tuna, da 0.3 ga wasu ire-ire kamar sukumbiya da shawa da sadin. Iyakar dalma a tsokar kifi 0.3 ce, ta kadmiyam kuma 0.05 ga yawancin ire-ire, da 0.5 ga jatan lande da danginsa. Jatan lande kuwa shi ne babban abin da jiragen kamun kifi na Nijeriya suke sayarwa Turai. Ƙasashen tarayyar suna da tsarin gargaɗin gaggawa wanda idan aka kama kaya a tashar ƙasa guda, sauran ƙasashen duk za su sani nan take, sunan ƙasar da kayan ya fito kuma ya shiga baki.

Mun ga yadda irin wannan yake ƙarewa a wasu kayayyaki. A watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari, hukuncin kuwa ya hau kan wanda ya zuba maganin da wanda bai zuba ba. A 2018 Amurka ta rufe ƙofarta ga tarwaɗar Nijeriya, ba don an sami guba a ciki ba, sai don ba a cika takardun da suke nuna tsarin binciken ƙasar nan ya yi daidai da nasu ba. Masu bandar tarwaɗa da suka kashe kuɗi suka gina murhun zamani don wannan kasuwa su ne suka kwana ciki.

Mai sari na cikin gida ma yana da abin dubawa, kuma ba ya bukatar ɗakin gwaji kafin ya fara. Katan ɗin da ya fito daga kamfanin kirki yana ɗauke da sunan kifin na kimiyya, da ƙasar da ya fito, da ranar da aka daskarar da shi, da lambar yankin tekun da aka kama shi bisa rabon Hukumar Abinci da Aikin Gona. Lamba 27 tana nufin arewa maso gabashin Atlantika, wato wajen Norwe da Aislan da Biritaniya. Lamba 34 ita ce gaɓar Afirka ta Yamma, daga Maroko da Muritaniya har zuwa ruwanmu. Lamba 47 wajen Namibiya da Angola ke nan, 87 kuma wajen Chile da Peru. Idan an rubuta Scomber scombrus, sukumbiyar Atlantika ce. Clupea harengus shawa ce. Trachurus kuma kote. Katan ɗin da aka kankare rubutunsa, ko aka sake zuba kifi a cikin kwalin da ba nasa ba, ko wanda ya biyo ta kan iyakar ƙasa da dare, araharsa ba ta kai haɗarinsa ba, domin ranar da aka sami matsala babu wanda za a koma wa sai wanda aka gani da kayan a hannu.

Ga masu sarin busasshen kifi da jatan lande daga kudu, tambayar farko ita ce daga wane ruwa. Dillalin da ya shekara goma yana ɗauko kaya daga wuri guda ya san amsar, ko zai iya saninta. Gwajin ƙarfe kuma ba abu ne da ya gagara ba, domin sassan ilimin sinadarai na manyan jami'o'inmu da ɗakunan gwaji masu rajista suna da na'urar da take auna dalma da kadmiyam, ko da yake zaiba tana bukatar ƙarin kayan aiki, don haka sai an tambaya tun farko ko suna yi. Abin da zai yi wa mutum ɗaya nauyi ba zai gagari ƙungiyar masu sayar da kifi ta kasuwa guda ba, idan ta riƙa ɗaukar samfur daga kowane wurin da take saro kaya sau ɗaya da rani, sau ɗaya da damina, tana ajiye takardar sakamakon tare da rasiɗan ciniki. Manyan kantuna da otal-otal da kamfanonin da suke ciyar da ma'aikata sun fi sakin jiki da mai irin wannan takarda. Idan sakamakon ya fito kuma, a tambayi mai gwajin ko a kan nauyin ɗanyen kifi ya yi lissafinsa ko a kan busasshe, domin iyakokin da aka ambata a sama duk na ɗanye ne, kuma rashin bambance su ya isa ya sa a zubar da kaya mai kyau, ko a sayar da wanda bai kamata ya shiga kasuwa ba.